Tsamiyar da Iya Ta Aike Ni Ɗebowa

Tun da na dawo ba ku bar ni na huta ba. A shago tambaya, a waya tambaya, har a gidan suna ƙawata Hauwa ta ja ni gefe wai, "Zuwaira, da gaske kin ga zaki?" Ban ga zaki ba. Ban ga giwa ba. Na ga birai, na kuma ga kashin wata dabba da aka ce mana ɓauna ce. To ga labarin nan na rubuta shi gaba ɗaya. Wadda ta sake tambayata, zan ce ta je ta karanta.

Ga waɗanda ba su san ni ba, ina taya Mama sayar da abinci a Bosso, kusa da ƙofar jami'a. Daga sakandare na tsaya. Ɗalibai sun san ni, sun kuma san ba na son "bari in gani" a gaban tukunya. Wanda bai san abin da zai ci ba, ya matsa na baya ya zo.

Rifkatu tana cikin masu cin abinci wurinmu. 'Yar ajin ƙarshe ce, ita ce shugabar wata ƙungiyar ɗalibai da ke fita ƙauyuka lokacin hutu suna wayar da kan mutane a kan daji da namun daji. Ta ce bana za su je wani ƙauye a bakin gandun dajin gwamnati, can gaba da Mokwa, kuma suna neman mai dafa musu abinci. Na ce a'a tun ba ta rufe baki ba. Ni da ba na iya jiran keke ya cika, ina ni ina zaman ƙauye?

Da yamma a gida, a Ketaren Gwari, ina ba Mama labarin a ƙofar ɗakin Iya. Iya kakata ce, ita ta haifi Mama. Tun da ta kwanta ciwo abinci ya fita ranta. A asibiti sun ce lallai ta riƙa cin wani abu kafin ta sha magani, ita kuwa cokali ɗaya, biyu, sai ta kawar da kai. Duk ta zube, awarwaronta har gwiwar hannu yake gangarowa. Da ta ji na ambaci sunan ƙauyen, Sabuwar Tunga, sai ta ɗago kai daga matashi.

Na san dai an haife ta a wajen, amma ba ta cika zancen ba. Ranar ta yi. Garinsu na asali yana cikin dajin, kafin gwamnati ta ce dajin na dabbobi ne, kowa ya tashi. Aka mayar da su Sabuwar Tunga tana yarinya. Babansu bai iya zaman wurin ba, damina ɗaya suka yi ya kwashe su zuwa Mokwa ya kama aikin reluwe, daga can suka gangaro Minna. Ba ta sake komawa ba.

Ta ce, "Ƙawata, akwai tsamiya a tsakiyar tsohon garinmu, gaban gidan maƙeri. Ki ɗebo min ko cikin hannu ne. Kununta zan sha."

"Iya, ga tsamiya nan tuli a kasuwa."

"Ba ita ba ce."

"Tsamiya ai tsamiya ce."

"Ke komai naki da sauri. Ki riƙa tsayawa, Zuwaira."

Wannan maganar na ji ta daga bakin Iya tun ina rarrafe. Ita mace ce da za ta zauna da tire ta tsince shinkafa ƙwaya ƙwaya har rana ta take. Ban taɓa ganin ta ɗaga ƙafa da sauri ba, ko da madara na zuba a wuta. Na dubi hannunta, na dubi Mama. Washegari na ce wa Rifkatu zan je.

Bas ɗin da suka samo ta girme ni. Aka ɗaure tukwanena da buhun shinkafa a sama, galan ɗin manja kuma aka cusa shi ƙarƙashin kujerar baya, kusa da manyan hotunan dabbobi da suka nannaɗe. Na ce a raba su, ba wanda ya ji. Kun san hanyar Bida, ba sai na ɓata bakina ba. Kafin mu kai Kataeregi tirela ta toshe hanya, muka sauka cikin ramuka ta gefe, murfin galan ya yi nasa wuri.

Mai hotunan wani ɗalibi ne, Ndagi, Banufe, wanda a Hausarsa kowa "kai" ne, mace da namiji. Ya warware hoton giwa, ta yi jawur tun daga hanci har wutsiya.

Ya ce, "Zuwaira, kai ka soya mini giwa."

Na ce, "Saura albasa."

A wani shinge bayan Kutigi wani jami'i ya leƙo, ya ce me aka nannaɗe haka. Aka buɗe masa. Ya daɗe yana kallon giwar nan mai manja, sannan ya ce, "Ina takardarta?" Direba har ya fara lalube, sai mutumin ya fashe da dariya ya ɗaga mana hannu. A Mokwa muka ci doya da busasshen kifi a bakin titi. Na tsaya na kalli layin dogo, na ce a raina, ashe nan Iya ta yi 'yammatanci. Ba abin gani, ƙarfe ne da ciyawa da awaki, amma na kalla.

Daga nan muka bar kwalta. Mun isa Sabuwar Tunga ana kiran la'asar, kowa ƙugunsa ya sage.

Masaukinmu makarantar firamare ce, aji ɗaya mata, aji ɗaya maza. Silin ya ɓalle ta gefe, jemagu na ciki suna ta hidimarsu. Wata ɗaliba ta ce ita ba za ta kwana da su ba, Rifkatu ta ce mata, "Ke fa kika zo koya wa mutane zama lafiya da dabbobi." Aka shimfiɗa tabarmi.

Abin da ya fara ba ni wahala a garin nan gaisuwa ce. Mu a Minna kana kan keke za ka jefa wa mutum "ya gida" ka wuce, ko amsar ba ka ji ba. Su kuwa mace za ta sauke tulu, ta durƙusa, ta tambayi gajiya, ta tambayi hanya, ta tambayi waɗanda kika baro, ta yi shiru, sai kin ɗauka an gama ta sake ɗaukowa daga farko. Suna da yarensu, amma da mu Hausa suke yi, a hankali, kamar suna auna kowace kalma. Abu na biyu, tsamiya. Ko'ina ka juya a garin ita ce, ƙofar gida, bakin rijiya, bayan masallaci, manya-manya. Na lura da su, amma ban kawo komai a raina ba. Ni ta cikin daji aka aike ni.

Ina haɗa murhu sai ga wata tsohuwa, 'yar ƙarama, baya ya ɗan ranƙwafa, yarinya na biye da ita da ƙwarya a ka. Aka ce Inna Tani ce, ita ke tarbar baƙi. Kunun tsamiya ta kawo. Na kurɓa, na ji har cikin kunnena.

Na ce, "Inna, wannan ai ya yi tsami da yawa. Ba sukari a garin ne?"

Rifkatu ta taka min ƙafa. Tsohuwar ta dube ni, ta yi murmushi, ta ce, "Sha dai, 'yata. Na baƙi ne." Na shanye, don yunwa nake ji.

Washegari ɗaliban za su shiga dajin su gani da idonsu kafin su fara koyarwa. Na ce da ni za a je. Na dafa musu wake da sassafe, na cusa baƙar leda cikin hijabina.

Iyakar dajin ba katanga ba ce kamar yadda na zata. Turaku ne na siminti jefi-jefi, sai wata 'yar rumfa da sandar ƙarfe a gicciye. Amma shiga ta fi ta banki wuya. Malamin dajin, wani dogon dattijo mai kakin da ya koɗe, ya sa kowa ya ajiye ashana, wuƙa, har turare. Ya ce, "Ba a shiga da abin da zai zauna, ba a fita da abin da aka tarar. Ko ganye ne." Ɗaliban suka gyaɗa kai, don abin da suka zo koyarwa ke nan. Ni na yi kamar ban ji ba.

Mun yi tafiya mai nisa a bayan motar ma'aikatan dajin, sannan a ƙafa. Na tambaye shi tsohon garin, ya ce yana kan hanyarmu. Da muka isa ban gane gari ba ne. Sai da ya nuna min duwatsun murhu a cikin ciyawa, da wani dutsen niƙa da ya lotsa a tsakiya. Tsamiyar kuwa ba sai an nuna ba. Mu huɗu muka kama hannu ba mu zagaye ta ba. 'Ya'ya sun yi mata nauyi, wasu sun zubo, birai sun ɓare sun watsar. Rifkatu ta yi ta ɗaukar ta hoto.

Ni ban iya sata ba, fuskata ke tona ni. Na fito da ledata a gaban kowa, na ce, "Ranka ya daɗe, kakata a nan aka haife ta. Tana kwance ba ta cin abinci, ta ce kunun wannan za ta sha. Cikin hannu kawai."

Ya ce, "Allah ya ba ta lafiya. Ba zai yiwu ba."

"Tsamiya ce fa, ba hauren giwa ba. Ga ta nan a ƙasa birai na wasa da ita."

"Tasu ce, 'yata."

"Biri ya fi kakata ke nan?"

"Bai fi ta ba." Ya cire hularsa ya share goshi. "Shekaranjiya na mayar da wata mata daga garin da kuka sauka, da goyo a bayanta, itace kawai ta shigo nema. Gobe ta ji na bar baƙuwa daga Minna ta fita da kaya, da wane ido zan dube ta?"

Na faɗi maganganu, ba zan maimaita su a nan ba. Bai ɗaga murya ba ko sau ɗaya, wannan ya fi ƙona min rai. Rifkatu ta matso ta riƙe hannuna. Na dunƙule ledar na mayar cikin hijabi. A hanyar dawowa aka nuna mana kashin ɓaunar da na gaya muku, ban ko kalla da kyau ba.

A garin ba sabis sai a kan wani suri bayan makaranta. Na hau na kira Mama. Ta ce Iya ta sha ruwan shayi kaɗan, kuma tun safe take tambaya ko na isa wurin bishiyar. Na ce sabis na yankewa, na kashe.

Ndagi yana ƙasa yana jiran layi. Ya ce, "Kai saya a Mokwa mana. Tsohuwa ba zai gane ba."

Na ce, "Ba ka san Iya ba. Ba ka kuma san fuskata ba."

Da rai a ɓace na dawo na tarar da su suna wani aiki. Sun nemi izinin mai gari za su rataya wa bishiyoyin garin kwali mai lamba, don gobe su zagaya da yara suna koya musu suna da amfanin kowace. Ana yanka kwali, ana huda shi, ana zura igiya, iska na kaɗawa yana faɗuwa. Tun azahar ba su gama layi ɗaya ba, ga shi ina son a zo a ci abinci in wanke tukunya. A kusurwar aji akwai gwangwanin jan fenti da suka kawo don allon sanarwa.

Na ce, "Ku ba ni nan. Wannan wahalar ta mece ce?"

Rifkatu ta ce fenti kaɗan ba zai cuci bishiya ba. Na ɗauki buroshi. Kafin magariba na bi tsamiyoyin garin nan kaf, kowace na dangwara mata jar lamba a ƙirji, babba, yadda ko daga nesa za a gani. Na ga mata na leƙowa ta kan zana suna komawa. Na gaishe su irin ta Minna na wuce.

Da safe aka share filin makaranta, aka kafa hotuna, har da giwa mai manja. Ba wanda ya zo. Ko yaro ɗaya. Yarinyar da ke kawo min ruwa ba ta zo ba, mai itace ba ta zo ba. Garin ya yi tsit, ƙofofi a rufe, sai kaji. Ɗaliban suka zauna a kan benci suna kallon juna. Rifkatu ta kusa kuka, don wata da watanni ta yi tana shirya tafiyar nan. Aka ce a jira mai gari, wai ya fita tun asuba zuwa wurin malamin daji.

Ni ba na jira. Na saɓa hijabi na nufi gidan Inna Tani, na yi sallama na shiga ba a amsa ba.

Na same ta a tsakar gida zaune a kan turmi. Ta ɗaure tukwanenta cikin zane, ta naɗe tabarma, ta ɗaure ƙafafun kajinta. A gidan da ke kusa ina jin ana ɓamɓare ƙofa.

Na ce, "Inna, me muka yi muku? Tafiya za ki yi?"

Ta ce, "Yaushe motar za ta zo?"

"Wace mota?"

"Ta kwasarmu. Ki gaya min gaskiya, 'yata, na ga ke ba kya ɓoye magana. Ni dai ina roƙon a bar mu mu kwashe dawa."

Sai da ta yi min bayani na gane. Wancan karon ma haka aka fara. Baƙi suka zo da mota, masu fara'a, aka ba su kunu suka sha. Suka yi ta zancen dabbobi. Sannan suka bi gida gida da jan fenti suna sa lamba a bango. Ba a jima ba motoci suka zo. Samarin garin na yanzu sun ce wa tsofaffi ba haka ba ne, waɗannan 'yan makaranta ne, amma wanda ya taɓa gani da idonsa ba ya jin wannan.

Na durƙusa, irin durƙuson da na yi ta yi wa dariya. Na ce, "Inna, wallahi ba mai tashin ku. Ni ce na shafa, ni mai dafa abinci. Kwali suke ratayawa, na ga suna ɓata min lokaci."

Ta ce, "Don sauri kawai?"

"Don sauri kawai."

Sai ta fara dariya, tana yi tana share ido da bakin zane, har tari ya kama ta. Ta ce in kwance mata kajin.

Rifkatu ta bi gida gida da ita tana ba da haƙuri, mai gari ma ya dawo da magana ɗaya daga malamin daji, ba mai tashin kowa. Muka ce za mu goge fentin. Matan suka ce ba da wuƙa ba, za mu ji wa bishiya ciwo. Suka kawo tsingaro muka riƙa kankarewa a hankali, in an gama a shafe wurin da laka. Aikin da na yi kafin magariba, sai da ya cinye mana yini guda, mu da matan gari.

Inna Tani na biye da ni da sandarta, tana duba aikina. A bishiyar farko ta dafa ta, ta ce, "Sannu, Asabe, an ɓata miki jiki."

Na ce, "Wace ce Asabe?"

"Mai ita. Allah ya jiƙanta."

Ashe kowace tsamiya a garin da sunanta. Ta ce ranar da aka tashe su, maza sun ɗauki ƙofofi da fartanya, mata da 'yammata kuwa kowace ta ɗaure 'ya'yan babbar tsamiyar nan a bakin zane. Da suka iso kowace ta shuka tata. Wadda ta tsiro, sunan mai ita ya bi ta. Ga ta Kande, ga ta Laraba matar maƙeri, ga ta Tani da kanta a ƙofar gidanta. Rifkatu da ke bayanmu ta ce a kawo sauran kwalayen, a rubuta sunan kowace mace da manyan baƙi, sunan Turancin ya koma ƙasa, ƙarami.

Muka zo wata a bakin rijiya, wadda ta rabu biyu tun daga gindi, kamar an tsaga ta. Na fara kankara da ƙarfi don na gaji.

Inna Tani ta ce, "A hankali. Ke da mai ita halinku ɗaya."

"Ta wace ce?"

"Ta Ladi Gaggawa." Ta zauna a kan bakin rijiyar. "Ƙawata ce. Ta shuka yau, gobe ta tono ta ga ko ta tsiro. Ta mayar, jibi ta sake tonowa. Duk ta kashe su, ɗaya ce ta tsira daga hannunta. Ita ma tana fitowa akuya ta cinye kan. Ladi ta yi kuka ta ce ta mutu, ta ƙi sake kallon wurin. Ba a jima ba babansu ya kwashe su Mokwa, aikin jirgi. Ni na kewaye ta da ƙaya. Da ruwa ya sauka sai ta fito da kai biyu."

Tsingaron ya faɗi daga hannuna. Sunan Iya Ladi, amma Ladi ai da yawa. Na ce, "Inna, Ladin nan tana da tabo a nan?" Na taɓa girata ta hagu.

Ta ce, "Ni na ture ta a kan dutsen niƙa. Ke ina kika san shi?"

Na zauna daɓas a cikin lakar. Ni da ban yi kuka a gaban malamin daji ba, sai ga shi ina yi a gaban matan gari da ɗaliban jami'a, hannu duk jan fenti. Na ce, "Kakata ce. Tana Minna. Ita ta aiko ni."

Inna Tani ba ta yi salati da ƙarfi ba, ba ta rungume ni ba. Ta kama fuskata da hannu biyu, ta juya ta dama, ta juya ta hagu, ta ce, "Ai da na gane tun ranar kunu."

A al'adarsu, bishiyar wadda ba ta gari ba a sayar da 'ya'yanta, ba kuma mai kai su gidansa. Na baƙi ne, da masu jego, da marasa lafiya. Kunun da na ce ya yi tsami, na Iya ne. Shekara da shekaru ana tarbar baƙi da sunanta, ita tana Ketaren Gwari tana ganin akuya ta gama da ita.

Na ce, "To a ba ni kaɗan in kai mata?"

"A ba ki? Mai ita ce ta aiko. Ɗauko gora."

Ndagi ya hau ya girgiza, ni da yara muna tsincewa. Baƙar ledata ta cika, aka kawo buhu.

Koyarwar da ba a yi da safe ba, washegari aka yi ta a gindin tsamiyar Laraba, gari kaf ya fito. Ndagi ya ɗaga giwarsa yara suka yi ta ihu. Rifkatu ta yi bayanin dalilin da ya sa ake hana sara da ƙona daji, wasu maza suka yi mata tambayoyi masu zafi a kan itace da kiwo, wasu ta amsa, wasu ta ce ba ta sani ba, za ta kai gaba. Daga ƙarshe ta buɗe wayarta ta nuna hoton babbar tsamiyar. Ta ce, "Uwar waɗannan duka tana nan, ba wanda ya sa mata gatari." Wayar ta bi hannun tsofaffin matan ɗaya bayan ɗaya. Wata ta gaishe ta da yarensu. Wata ta ce, "Ashe tana nan," ta riƙe wayar ta ƙi saki. Rifkatu ta ce za ta roƙa ko za a yarda a kai su su gan ta sau ɗaya. Ban sani ba ko za a yarda.

Ranar da za mu taso Inna Tani ta rako ni har bakin mota. Ta ce, "Ki ce wa Ladi, Tani ta gaji da gadi."

Hanyar dawowa ba abin faɗi, taya ɗaya ta fashe, na rungume buhuna har Minna.

Ban ko cire hijabi ba na jiƙa tsamiyar, Mama na da gasarar gero. Na dama, na kai ɗakin Iya. Ta ƙara zubewa a 'yan kwanakin nan. Ta dubi kofin, ta dube ni.

"Ta gaban gidan maƙeri ce?"

"A'a. Na gan ta, tana nan da ranta, amma sun hana ni ɗiba."

Ta juya fuska bango. Mama ta harare ni, irin hararar ke ba kya iya ƙarya ko ta minti ɗaya.

Na ce, "Wannan ta Ladi Gaggawa ce."

Ba ta juyo ba, ta ce, "Wa ya gaya miki sunan nan?"

"Wadda ta ture ki a kan dutsen niƙa. Ta ce ta gaji da gadi."

Ta juyo a hankali. "Tani na da rai?"

"Har da kaji."

"Amma akuya ta cinye ta. Da idona na gani."

"Ta sake fitowa, da kai biyu. Tana bakin rijiya, ta fi gidan nan tsawo, da ita ake yi wa baƙi kunu. Ke ce ba ki tsaya ba, Iya."

Mama ta ce, "Zuwaira!" Iya kuwa ta miƙo hannu. Na ce da zafi, ta jira ya huce. Ta fizge kofin ta kafa kai, ya ƙona mata baki, ta hura sau ɗaya ta sake kafawa. Mama ta tsaya baki buɗe, ta ce tun da aka haife ta ba ta taɓa ganin haka ba. Iya ta sha fiye da rabi, ta ajiye, ta lumshe ido. Ta ce, "Ya yi tsami."

Na ce, "Haka na gaya musu."

Ba zan ce muku ta warke ba, har yanzu muna zuwa asibiti. Amma tana shan kunun safe da yamma, tana shan maganinta a kai, shekaranjiya har ta nemi ɗan tuwo. Kullum sai na sake ba ta labarin daga farko, in na tsallake sunan bishiya ɗaya ta mayar da ni baya.

'Ya'yan da na tace daga jiƙon farko ta hana a zubar. Ta sa na cika mata gwangwanin madara da ƙasa, ta shuka, aka ajiye a bakin tagarta. Jiya na shigo da ruwan alwala ba ta ji tahowata ba. Na same ta ta sunkuya a kan gwangwanin, da tsinken tsintsiya a hannu, tana tona ƙasar.

Na ce, "Iya, ki riƙa tsayawa."

Ta ce, "Rufe min baki, dubawa kawai nake yi."